Ƙullin Ja-Ɗaya

Maigidana ya yi shekara talatin da biyu yana tuƙin babbar mota, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar sai ya ji cewa a tsawon shekarun nan ko buhu ɗaya bai taɓa faɗowa daga bayan motarsa ba. Gaskiya ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, bai taɓa faɗowa ba. Sirrin, in ji shi, wani ƙulli ne da yake yi wa igiya. Kaya na ƙara nauyi ƙullin na ƙara kamawa, amma in an iso wurin sauke kaya, sai a kama 'yar jelar da ya bari a ja sau ɗaya, igiya ta warware gaba ɗaya kamar ba a taɓa ɗaure ta ba. Shi ya raɗa masa suna ja-ɗaya. Da ya ajiye aiki ya dawo gida bai bar ƙullin a mota ba. Igiyar shanya ja-ɗaya, labulen ɗaki ja-ɗaya, bakin buhun gawayi ja-ɗaya.

Ni kuwa a lokacin ne na fara shirya duwatsun ado. Likita ce ta ce yatsuna suna sandarewa, in nemi wani aikin hannu mara nauyi in riƙa yi. Autarmu, wadda take aikin jinya, ta kawo mini kwali guda: duwatsun roba kala-kala, zare, siririyar allura, ɗan almakashi da takardar bayani. Karatuna a hankali yake, da yatsa nake bin layi, don haka kwana uku na yi a kan takardar kafin in taɓa dutse ko ɗaya. Daga nan kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tawul a kan faranti, in zuba duwatsu, in yi bisimilla in fara zurawa.

Rana ta huɗu ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya.

"Maman yara, tun ɗazu nake duba miki agogo. Dutse tara a minti goma. Motar da taya ta fashe ta fi ki sauri."

"Ba sauri nake ba, Baban yara. Yatsu nake motsawa."

"Wannan tawul ɗin fa? Wanka za ki yi musu?"

"Takarda ta ce shi ke hana su gangarawa."

"Takarda." Ya yi dariya ta hanci. "Wanda ya rubuta takardar nan ya taɓa saukowa daga kan tsauni da tan talatin a bayansa? Ni za a koya wa gangara?"

Kafin magariba ya gama tsara komai. Ɗakin ajiya da ke bakin ƙofa zai zama masana'anta. Shi ne shugaba, ni ce mai zaɓen kala. Sarƙa ɗari a rana, awarwaro ɗari biyu, 'yan kunne kuwa sai dai a auna su da kwano. Na ce masa ni don yatsuna nake yi. Ya ce yatsun ma sai sun fi warkewa in suna da shugaba.

Washegari ya samo katako ya rubuta da jan fenti, GWANIN DUWATSU, ANA YI ANA JIRA, ya kafa a bakin ƙofa. Mai aski, wanda shagonsa ke kallon ƙofarmu, ya fito da almakashi a hannu ya karanta allon har sau biyu.

"Direba, wane irin dutse?"

"Kowane iri."

"To Allah ya ba da sa'a."

Mutum na farko da ya yi sallama magini ne, yana son tifa biyu ta tsakuwa. Na biyu wani dattijo ne da ya kawo dutsen gugarsa da ya daina zafi. Maigida ya kori maginin, amma dutsen gugar ya karɓa, don bai iya cewa bai iya ba. Har yau yana nan a ƙarƙashin gado, a kwance gida-gida.

Sai maganar inji. Ya ce hannu ba ya kai sarƙa ɗari, dole a yi dabara. Ya ɗauko mazurarin da yake ɗura wa mota mai, ya rataye shi a rufin ɗakin, ya zura zare ta cikinsa har ƙasa. Lissafinsa shi ne in ya zuba duwatsu ta sama, kowanne zai nemi zaren ya bi, kamar yadda motoci ke bin layi a bakin gada. Na ce masa allura ma sai na lallaɓa take samun ramin. Ya ce ai don ni nake lallaɓa ta.

Ya juye kwalina gaba ɗaya a cikin mazurarin. Duwatsu sama da dubu suka zubo ta ƙasa, ko ɗaya bai kalli zaren ba, suka bazu a kan siminti suna tsalle. Mai aski ya jiyo ƙara ya tsallako ya ga abin da ake ciki. Ƙafarsa ta farko ce kawai ta shiga ɗakin da izininsa. Ya wuce ta gabana a zaune, ya tsaya a jikin bango.

"Direba," in ji shi daga ƙasa, "wannan ne ana yi ana jira?"

"Gwaji ne. Kowane inji sai an yi masa gwaji."

"To a gaya wa injin na gode. Tun ina yaro rabona da zamiya."

Mako guda muna tsintar duwatsu. A cikin takalmi, a cikin tukunya, a cikin gashin tsintsiya. Sau biyu ina ɗagowa daga sujada da ɗan shuɗi manne a goshina. Duk wanda na tsinta kuma warin man mota yake yi, sai da na wanke su da sabulu na shanya a kan tawul ɗin da aka ce ba shi da amfani.

Don ya wanke kansa a wurin mai aski, sai ya ce zai yi wa matar mai askin abin wuya kyauta. Ya ɗaga zarena ya ja shi da hannu biyu ya tsinke, ya ce wannan ko kaza ba ya ɗaurewa. Ya fita ya dawo da wayar burkin keke. Ya zura manyan duwatsu a jikinta, ya kai wa matar, ya sa ta zauna a benci ya murɗe bakin wayar da filaya a bayan wuyanta. Abin wuya ya tsaya ƙiƙam a zagaye, bai kwanta a ƙirji ba, sai ka ce sitiyari.

Da azahar mai aski ya tsallako.

"Direba, zo da filayarka."

"An ga kyau ana son na biyu?"

"Tun safe matata ba ta iya waiwaye. In na kira ta sai ta juyo gaba ɗayanta kamar tirela a kwana. Ga baƙin mai ya zagaye mata wuya."

"Sabo ne shi ya sa. Sabon burki ma sai ya yi kwana biyu yake sakewa."

"Matata ce, ba keke ba. Zo ka kwance ta."

Bayan wannan na ɗauka ya haƙura, don ya yi kwana uku bai shiga masana'anta ba. Ni kuma na ci gaba da abina a hankali. Na yi awarwaro biyu na ba jikokina, na yi wa Auta 'yan kunne, na kuma kai layin ƙarshe na takardar, inda aka ce dutse mai daraja ba a zura shi haka nan. Sai an yi ƙulli a bayan kowane ɗaya, don ko zare ya tsinke, guda ɗaya ne zai faɗi, sauran suna nan.

Ana haka sai ga Yaya ta zo. Yayar maigida ce uwa ɗaya uba ɗaya, shugabar makarantar 'yan mata, kuma ita kaɗai ce a duniya in ta shigo yake sauke ƙafa daga kan kujera. Ranar Alhamis za a yi mata taron sallama, ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ta zauna, ta buɗe jaka, ta fito da wani tsohon gwangwanin alawa ta ajiye a cinyata.

"Auta ta nuna mini 'yan kunnen da kika yi mata. Buɗe ki gani."

Abin wuyan Inna ne, mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta. Jajayen duwatsu masu nauyi da sanyi a hannu, guda arba'in, da wani babba na tsakiya da suke kira uwar. Zaren ya ruɓe tun da daɗewa, sun zube a cikin gwangwanin.

"Arba'in da ɗaya ne," in ji Yaya. "Da shi a wuyanta ta raka ni makaranta ranar farko. Ina so in sa shi ranar ƙarshe. Ba abin da ya rage mana nata sai shi."

Na ce mata ni sabuwar hannu ce. Ta ce ta gwammace sabon hannu mai tsoro. Na ce to da yardar Allah zan yi, amma ƙulli-ƙulli zan bi shi, sai dai a samu ranar Alhamis ɗin da rana.

Maigida ya yi gyaran murya. "Yaya, ai aikin awa ɗaya ne. Ni da na..."

"Kai da ka me? Na ga wuyan matar mai aski. Ka kalle ni da kyau. Ko gwangwanin ban yarda ka taɓa ba."

"Ai shawara kawai zan bayar."

"Ka ba mota."

Kwana uku ina kansa. Dutse ɗaya, ƙulli ɗaya, in tura ƙullin da bakin allura har ya manne da dutsen. Yatsuna su gaji in huta, in ja carbi kaɗan, in koma. Shi kuma yana zagaye ni kamar mai jiran a ba shi hannu a mahaɗa.

"Wa ya taɓa ɗaure buhu ɗaya-ɗaya? Igiya guda ake yi wa kaya duka, a ƙulle a gefe."

"Yaya ta ce kar ka taɓa."

"Na taɓa? Magana nake."

Ranar Alhamis da safe saura goma sha ɗaya. Taro sai ƙarfe huɗu, ni kuma ina da ganin likita ƙarfe tara. Na rufe gwangwanin na sa a saman kabad, na ce ina dawowa zan ƙarasa. Sai Allah ya sa layi ya yi tsawo, ban shigo gida ba sai ƙarfe biyu saura. Na tarar da shi a kishingiɗe yana shan shayi, yana kaɗa ƙafa. A kan faranti ga zarena an yayyanka shi gutsi-gutsi, ƙulli talatin na kwana uku.

"Baban yara, ina abin wuyan?"

"Yana wuyan mai shi. Na ga lokaci zai ƙure miki, na taimaka. Minti arba'in. Na kai mata har ofis, ta sa, ta duba madubi, har da 'yar ƙwalla."

"Ta san kai ka yi?"

"Na ce daga gidanmu yake. Ƙarya na yi?"

"Da wane zare?"

"Na ɗinkin tamfol. Shekara goma yana cikin rana da ruwa ba ya ko gezau."

"Maɓallin fa? Ga shi nan a faranti ba ka sa ba."

"Maɓalli na masu tsoron ƙulli ne."

Na ɗauko rigar da ya cire in goge masa ita ya mayar, sai dutsen guga ya yi karo da wani abu a aljihu. Na sa hannu. Uwar ce, babban dutsen tsakiya.

Na kai masa a tafin hannu.

"Au, wannan." Ya kurɓi shayi. "Raminsa ya yi ƙanƙanta, zaren ya ƙi shiga. Na so in faɗaɗa shi da ƙusa, sai na ga ba lokaci."

Na gode wa Allah da ya hana shi lokaci.

"To me ka sa a tsakiya?"

"Na ɗauki wani ja a cikin naki na roba. Girmansu ɗaya. Wa zai sani? Bayan taro in karɓo in canza."

"In Yaya ta tambaye ni, ba zan ɓoye mata ba."

"Ba za ta tambaya ba. Yau hankalinta na kan jawabi."

Na naɗe uwar a hankici na sa a 'yar jakar carbina. Niyyata in isa da wuri in ja Yaya gefe in gaya mata. Amma maigida ya tsaya gyara igiyar shanyar maƙwabta da ba wanda ya sa shi, har muka makara. Muna shiga zauren taron an riga an zauna, Yaya na can kan dandamali tsakanin manyan baƙi, jajayen duwatsu na sheƙi a wuyanta.

Zauren irin mai gangare ne ta gefen dandamali, da matakala biyar na katako, ƙasansa kuma an goge shi yana ɗaukar ido. Maigida ya kutsa har layin gaba ya zauna kusa da mai aski, wanda 'yarsa ke makarantar. Ni ina bayansu, ina jin komai.

"Ka ga abin da ke wuyan shugaba?"

"Na gani. Madalla da hannun Maman yara."

"Hannuna ne. Minti arba'in."

Mai aski ya juyo ya dube shi, ya dubi Yaya, sai ya ɗage ƙafafunsa biyu daga ƙasa ya ɗora a kan sandar kujera.

"Me kake yi haka?"

"Shiri. Na taɓa shiga masana'antarka."

Maigida bai kula shi ba. Ya juya ya gaya wa na hagunsa, ya gaya wa na bayansa, har wata mata ta tambaye shi ko yana yin na yara, ya ce ta zo gida akwai allo a ƙofa.

Aka yi jawabai, 'yan mata suka yi waƙa, Yaya ta miƙe ta yi nata. Ta ambaci mahaifiyarta, ta ɗora hannu a kan abin wuyan, zaure ya yi tsit. Sai aka kira mataimakiyarta ta miƙa mata lambar yabo a ɗauki hoto. Mataimakiyar nan kowa ya san ta. Mace ce da ba ta iya ganin zare a jikin rigar mutum ta ƙyale. Ko baƙo ne sai ta cire masa. Ta zagayo bayan Yaya tana gyara mata mayafi don hoto, sai na ga idonta ya tsaya a ƙeyar Yaya. Na ga ta ɗan karkata kai. Na ga ta haɗa yatsa biyu.

A lokacin na gane abin da ya sa a madadin maɓalli.

Maigida ma ya gani. Ya miƙe tsaye. "Malama, kar ki ja jel..."

Ja ɗaya ta yi.

Ƙullin bai ba shi kunya ba. Zaren ya zare sumul ya bar ta riƙe da shi a sama, duwatsu arba'in da ɗaya suka sauka a kan teburin jawabi, dab da makirfo, duk zauren ya ɗauka kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Daga tebur suka faɗa dandamali, daga dandamali suka bi matakala biyar ɗaya bayan ɗaya, suka watsu ƙarƙashin kujeru. Mai hoto kuwa a daidai nan ya danna.

Yaya ba ta motsa ba. Hannunta na kan ƙirji inda abin wuyan yake ɗazu. Ta sunkuya kan makirfo ta yi magana da muryar da ta riƙe makaranta shekara talatin da biyar.

"Kowa ya tsaya inda yake. Kar wanda ya ɗaga ƙafa. A rufe ƙofa."

Kowa ya tsaya, ban da mutum ɗaya.

"A bar mini, na san hanyar da suka bi," in ji maigida, ya yi gaba da sauri yana ba da hannu kamar mai raba cunkoso. "Ku na hagu ku matsa baya, baya, baya, ya isa." Taku na huɗu ya samu guda uku a ƙarƙashin takalminsa. Ya wuce ta gaban manyan baƙi a zaune, hularsa ta bi wata hanyar, ya tsaya a gindin matakala.

Mai aski ya leƙo daga kan kujerarsa, ƙafafu a sama. "Gwaji ne, Direba. Kowane inji sai an yi masa gwaji."

'Yan mata ɗari uku suka durƙusa suna lalube. Manyan baƙi suna kakkaɓe riguna. Aka samu ɗaya a cikin kofin ruwan babban baƙo, ɗaya a naɗin ɗankwalin mataimakiya, biyu a cikin hular maigida. Yaya ta shimfiɗa mayafinta a tebur, duk wanda aka kawo ta ajiye ta ƙirga da ƙarfi, zaure na amsawa. Talatin da takwas. Talatin da tara. Arba'in. Aka daɗe ana nema, sai wata yarinya ta taho da gudu da babban ja a hannu.

"Arba'in da ɗaya," in ji maigida, yana kakkaɓe wando. "Kun gani? Ko ɗaya bai ɓata ba. Ni kayana ba sa ɓata."

Mutane har sun fara tafi. Yaya ta karɓi dutsen ta jinjina shi a tafin hannu. Ta shinshina shi. Ta ɗago.

"Zo nan."

Ya hau matakala a hankali.

"Mene ne wannan?"

"Uwar ce, Yaya."

"Uwar ce take warin man mota?"

"Ƙasan zauren ne, wataƙila da mai suke goge shi."

"Ta kuma rage nauyi."

"Faɗuwa ce. Kaya in ya sha hanya yakan rage."

Zaure ya fashe da dariya, sai a lokacin ya lura makirfo na kunne, kuma duk abin da ya faɗa ya kai har bakin ƙofa. Yaya ba ta yi dariya ba.

"Ina dutsen Inna?"

Ya sa hannu a aljihun riga da ƙarfin gwiwa. Ya lalube. Ya koma ɗaya aljihun. Ya zazzage na wando, makulli da goro da guntun igiya suka zubo. Na ga fuskarsa ta canza, irin yadda ban taɓa gani ba ko ranar da ya taɓa tsira daga hatsarin mota. Ya ce a hankali, "Wallahi nan na sa shi, Yaya." Wannan karon ba cika baki a muryarsa.

Na so in bar shi ya ƙara minti ɗaya a haka, Allah ya yafe mini. Amma na dubi Yaya na kasa. Na tashi na hau matakalar ina dafa bango, na buɗe jakar carbi, na warware hankicin na ajiye a kan mayafin.

Yaya ta ɗauka ta juya shi, ta samu wani ɗan ɓalli a gefensa ta shafa da babban yatsa. Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta miƙa shi dab da hancin ƙanenta.

"Ka ga wannan ɓallin? Haƙorinka ne. Kana goye ka kamo shi ka gatsa, Inna ta yi kwana biyu tana neman ɓarin a bakinka. Shekara sittin kenan kana bin abin wuyan nan da ɓarna, bai ƙare ba kai ma ba ka gaji ba."

"Ashe tun ina ƙarami nake harkar duwatsu," in ji shi.

Nan Yaya ta kasa riƙewa, ta yi dariya har da hawaye, zaure ya taya ta. Aka sake ɗaukar hoto da duwatsun a ƙulle cikin mayafi a hannunta. Amma hoton farko shi ya zagaya gari, wanda mataimakiya ke riƙe da zare a sama, maigida kuma a gefe baki buɗe. Mai aski ya wanke babba ya manna kusa da madubinsa. Tun daga ranar ba mai cewa Direba a layinmu, sai Ja-Ɗaya.

Ranar Asabar bayan la'asar Yaya ta zo da gwangwanin. Ta sa ya ciro allon ƙofa da hannunsa. Ta zaunar da shi a tabarma, ta ɗora masa faranti a cinya, da tawul a kai.

"Ƙulli talatin ka yanka mata. Za ka biya arba'in da ɗaya. Maman yara, koya masa."

Na ba shi allura da siririn zare. Yatsunsa kamar tabarya, dutse ɗaya sai ya kuɓuce sau uku, tawul na tare shi. Bai ce komai game da tawul ɗin ba, ni ma ban ce ba. Duk ƙullin da ya yi sai Yaya ta karɓa ta ja da ƙarfi. Shida na farko duk suka warware, don hannunsa da kansa yake barin jela. Kwana huɗu ya yi. A na biyu mai aski ya leƙo ta taga da agogo a hannu ya ce dutse uku a minti goma, ko a kira makanike.

Da aka zo kan uwar, siririn zaren ya wuce ta raminta ba gardama. Ya daɗe yana kallon ɓallin kafin ya yi ƙullin. A ƙarshe ni na sa maɓalli, na ɗauki almakashi na yanke ragowar zaren har gindi, ban bar abin da farce zai kama ba.

Yaya ta sa a wuya. Ya zagaya bayanta ya duba, ya ɗan ja nan ya ja can, ya girgiza kai irin na wanda aka yi aiki ba da shawararsa ba.

"Yana da kyau, ban ce ba kyau ba. Amma wannan ƙullin ba ya kwancewa fa, Yaya. Ranar sauke kaya za a sha wahala."

Yaya ta dafa uwar da hannu.

"Wannan kayan ba na saukewa ba ne."